Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Na gaji da jin "ai basir ne". Mutum ya yi wata uku yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, sai ya tsaya wurin mai lasifika a tasha ya sayi jarkar jiƙo. Abin takaici, wani lokaci a asibitin sha-ka-tafi ma haka za a ce masa, a rubuta magani ko duba shi ba a yi ba.

Basir yana zubar da jini, ba musu. To sankarar babban hanji ma haka take yi, kuma a 2020 kaɗai ta kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya, ta kashe fiye da 900,000. Da ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, ya yi wajen shekara 10 kafin ya rikiɗe, ba zafi ba komai. Waɗannan shekarun muke ɓatawa wajen shan sassaƙe. Kada kuma a ce ciwon tsofaffi ne. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana da shekara 43 ta kashe shi. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Taba, giya, ƙiba da yawan jan nama suna ƙara haɗarin.

Gwajin farko ba wahala: ɗan bahaya ake kaiwa a nemi jinin da ido ba ya gani, kuma duk shekara ake maimaitawa. A nan muke tuntuɓe. A kafa rumfa, a yi gangami, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi, in ma an tuna. Kowane ƙaramin asibiti yana buƙatar littafin sunaye da lambobin waya, da ma'aikaci guda da aka ɗora wa kiran mutane in lokaci ya zagayo. Wanda gwajinsa ya nuna jini a bi shi har sai an duba hanjin da kyamara, don a nan ake cire tsiron tun bai zama ciwo ba.

Malam, Hajiya, in kun kai 45, ko wani na jininku ya taɓa yin ciwon, ku ajiye kunya ku nemi gwajin. Wanda kuwa ya riga ya ga jini, ya je wurin likita a makon nan.