Ruwan da Ya Ƙi Barin Jikin Mai Jego

A ƙauyukan Hamdara, cikin ƙasar Mirriya, tsofaffi sun san wannan hali. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, an watse. Kafin ta yi arba'in sai ƙafa ta haura, warwaro ya matse hannu, in ta kwanta numfashi ya gagara. Sai a ce sanyi ya shige ta, a ƙara itace a murhu, a ƙara dama mata kunun kanwa. To daga ina wannan ruwa, ga mace mai wankan jego safe da yamma tana zuba gumi?

Sawun farko yana komawa watannin ciki. Mabiyiya tana kwarara sinadaran mata guda biyu cikin jini, estirojin da furojestaron. Estirojin, tare da wasu sinadaran ciki, yana sa ƙwaƙwalwa ta yi saurin sakin basofuresin, manzon da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Ƙishirwa ma takan zo tun jiki bai bushe ba. Estirojin yana kuma zuga hanta ta ƙara wani furotin da ke kai ga aldostaron, mai hana gishiri fita a fitsari. Furojestaron kuwa gardama yake yi: yana tare wa aldostaron hanya, sai jiki ya rama ta ƙara yawansa. A wannan ja-in-ja mai ciki ke tara ruwa lita 6 zuwa 8, ruwan jininta ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Tanadi ne, domin jinjiri da kuma jinin da za a zubar ranar haihuwa.

Amma wannan bai warware komai ba. Da mabiyiya ta faɗo, sinadaran nan sukan faɗi cikin kwanaki, mai jego ta yi ta fitsari da zufar dare. Ruwan da ya kamata ya tafi, me ya tsare shi?

Na leƙa cikin ƙwarya. Kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga, gabas da Damagaram, cike take da sodiyam, wanda yake cikin gishirin miya, kuma inda sodiyam ya zauna ruwa bai tashi. A Zariya likitoci Davidson da Parry sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza wajen haihuwa, suka wallafa bincikensu a 1978. Abin ya fi yawa a watannin zafi da danshi, aka zargi kanwa da ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Zafi yana buɗe jijiyoyi, zuciya ta ninka aiki, ga kuma lodin ruwa.

Da na tsaya nan, da na zalunci kakanninmu. Ai mata dubbai suna shan kunun nan ba abin da ke samunsu. Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci bincike a asibitocin Nijeriya, aka wallafa a 2020: wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin musabbabi ba. Abin da ya fito shi ne rama, da talaucin ilimi da sana'a, da hawan jinin masu ciki. A Yamai da Kano kuma an ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata.

Ke nan naman zuciyar ne ya raunana. Ta kasa tura jini, ƙoda ta ɗauka jiki ya bushe, ta sake kiran aldostaron da basofuresin, ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Kanwa ba ita ta kunna wutar ba, amma ga mai irin wannan zuciya kowane ludayi ƙarin kaya ne.

Iya, idan 'yarki ta kumbura bayan haihuwa, tana tari, ba ta iya barci sai a zaune, ki ajiye kanwar. A kai ta asibiti a ranar, kada a jira arba'in.