Garin Neman Gira: Abin da Kimiyya Ta Ce Kan Gyaran Mota a Gida

Gabatarwa

Da wuya a sami mai tsohuwar mota wanda bai taɓa ɗaukar sifana ya buɗe gaban motarsa da kansa ba. Tsadar kayan gyara da kuɗin bakanike, da kuma sha'awar ƙawata abin hawa, su ne ke jan mutane da dama zuwa ga wannan aiki. Yin haka ba aibi ba ne, domin gwanayen kanikawa da yawa da taɓe-taɓe suka fara. Sai dai idan aka dubi irin ɓarnar da kan biyo baya, kamar ƙonewar wayoyi da salewar hannu da fashewar batir, za a tarar kusan tushensu ɗaya ne. Wato an cire, ko an sauya, wani ɗan ƙaramin abu da ake ganin ba shi da amfani, alhali kuwa shi ne mai gadin sauran. Bayanin kowace ɓarna daga cikinsu yana nan cikin darussan kimiyya da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Fis da Wayoyin Mota

Fis wata 'yar siririyar waya ce da aka ƙera da gangan domin ta narke idan wutar da ke bi ta cikinta ta wuce kima. Idan fitila ko rediyo ya ɗauke, mai mota ya tarar fis ya ƙone, abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya naɗe wurin da wayar tagulla, ko da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari. Nan take fitila ta kama, shi kuma ya ɗauka ya yi dabara.

Amma fis ba ya ƙonewa haka kawai. Masanin nan na Ingila, James Joule, ya nuna a 1841 cewa zafin da waya ke yi yana ƙaruwa ne da ninkin wutar da ke bi ta cikinta sau kanta. Ma'ana, idan wutar ta ninka biyu, zafin zai ninka huɗu. Idan ta ninka goma, zafin zai ninka ɗari. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya idan wayar da ta sale ta taɓa jikin mota. A irin wannan hali fis mai amfiya 15 zai narke cikin ƙiftawar ido, ya yanke hanya. Idan kuwa an maye gurbinsa da tagulla, to wayar motar ce za ta yi ja, robar jikinta ta kama wuta a ƙarƙashin sitiyari.

Wannan lissafi shi ne ke kama masu ƙara wa fitila haske. Ƙwai mai wat 55 yana jan kimanin amfiya 4.6. Idan aka sauya shi da mai wat 100, zai ja kimanin amfiya 8.3. Wutar ba ta kai ninki biyu ba, amma zafin da ke cikin waya da makunni ya haura ninki uku. Shi ya sa bayan 'yan makonni sai a ji ƙaurin roba, a tarar mazaunin ƙwan ya narke. Duk wanda ke son ƙara manyan fitilu ko na'urar kiɗa, wajibi ne ya ja musu waya mai kauri daga batir, da nasu fis na daban kusa da batirin.

Murfin Lagireto

An san cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, amma wannan a bakin teku ne. A wuri mai tudu kamar Jos, inda nauyin iska ya ragu, yana tafasa tun wajen digiri 96. Haka kuma idan aka ƙara matsi, sai ruwa ya ƙi tafasa har ya wuce digiri 100. Murfin lagireto yana ɗauke da sifirin da ke riƙe matsi na kimanin ba 1, wato kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu, kuma wannan yana ɗaga matakin tafasar ruwan zuwa wajen digiri 120.

To, a ɗauka injin ya yi zafi, ruwan cikinsa ya kai digiri 110. Yana nan a matsayin ruwa ne kawai saboda murfin ya danne shi. Da zarar an murɗe murfin, matsin ya tafi, sai wani sashe na ruwan ya koma tururi a lokaci guda, ya tunkuɗo sauran waje, ya watsu a hannu da fuskar wanda ya sunkuya a kai. Maganin abin shi ne a kashe injin, a bari ya huce sosai kafin a taɓa murfin. Idan tsautsayi ya auku, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har tsawon minti 20, sannan a nufi asibiti. Baƙin mai da man goge baki da ɗanyen ƙwai ba magungunan ƙuna ba ne.

Malami na iya nuna wannan ƙa'ida a aji ba tare da wani haɗari ba. A zuƙi ruwa mai ɗumi kaɗan cikin sirinji marar allura, a toshe bakinsa da yatsa, sannan a ja hannun sirinjin baya da ƙarfi. Ɗalibai za su ga ruwan yana ɓararraka ba tare da wuta ba, don kawai an rage masa matsi.

Tamostat

A garuruwanmu, da yawa daga cikin motocin da aka shigo da su na hannu daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, ana cire musu tamostat tun kafin su yi nisa. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Gaskiyar magana, tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa cikin injin har sai ya yi ɗumin da ya dace, galibi tsakanin digiri 80 da 90 da 'yan kai, sannan ta buɗe masa hanya zuwa lagireto. Rana ko ta tsakiyar bazara ba ta kusa da wannan zafi, saboda haka injin da ya kwana a Sakkwato ma yana bukatar ya ɗumama da sauri.

Injin da ya daɗe bai ɗumama ba ya fi saurin cinyewa. A motocin zamani kuma, kwamfutar da ke sarrafa mai tana ƙara fetur muddin ta ga injin da sauran sanyi, don haka motar za ta riƙa shan mai fiye da ƙa'ida, rarar fetur ɗin kuma ta gangara ta tsinka baƙin mai. A wasu injuna ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya kauce wa lagireto, ta yadda cire shi kan ƙara zafin da ake gudu. Idan mota na zafi, a binciki toshewar lagireto, wadda gasarar ruwan rijiya da tsatsa kan haddasa, da fanka, da yoyon tiyo. Tamostat ɗin da ya maƙale kuwa sauya shi ake yi da sabo.

Batir da Jak

Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana fitar da iskar haidirojin yayin da ake cajinsa. Wannan iska tana kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Mai gwada ƙarfin batir ta hanyar haɗa kawunansa biyu da waya don ya ga tartsatsi yana iya tarwatsa shi, asid ya shiga ido. Idan za a cire batir, a fara kwance kan da ke da alamar ragewa, domin shi ke haɗe da jikin mota. Bayan haka ko sifana ta taɓa ƙarfe yayin kwance ɗaya kan, babu tartsatsi. Wajen mayarwa kuwa shi ne na ƙarshe.

Shi kuma jak, aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Mai amfani da mai yana bin ƙa'idar Blaise Pascal, kuma abin da ke hana motar da ta fi tan guda saukowa 'yar zoben roba ce kawai a cikinsa. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, domin yakan dare farat ɗaya. Kada a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan ƙasa mai tauri, an kuma datse tayoyi.

Manyan Tayoyi da Tukunyar Gas

Maleji ba ya auna gudu kai tsaye; juyawar taya yake ƙirgawa. Idan aka sa tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 5 cikin 100, lokacin da maleji ke nuna kilomita 100, abin da ake yi zai ƙaru da kilomita 5, tazarar tsayawa bayan taka birki kuma ta ƙaru da kusan kashi 10.

Mafi muni shi ne sauya mota zuwa amfani da gas a hannun wanda bai ƙware ba. Tun bayan janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu 2023, jama'a suka karkata ga matsattsiyar iskar gas ta CNG. Ana dura ta ne da matsin kimanin ba 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar mota, alhali matsin tukunyar gas ta girki bai kai ba 20 ba. A watan Oktoba 2024, wata mota mai ɗauke da tukunyar da aka haɗa da walda ta fashe a wani gidan dura gas a birnin Binin ta jihar Edo, mutane suka jikkata. Wannan aiki ne na cibiyoyin da hukuma ta amince da su kaɗai.

Kammalawa

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Masu ƙera motoci ba sa kashe kuɗi kan abin da ba shi da aiki, don haka kafin a cire kowane abu, ya kamata a tambayi kai: mene ne wannan yake karewa, kuma ina zafi ko matsi ko nauyin da yake tarewa zai nufa idan babu shi? Wanda ya iya amsa wannan tambaya yana iya ci gaba da aikinsa. Wanda bai iya ba, ya duba littafin motar ko ya nemi bakaniken da ya san dalilin abin da yake yi. Ɗalibin da ya fahimci ƙa'idar Joule da ta Pascal yana da abin da zai faɗa wa yayansa ko mahaifinsa, cikin ladabi, kafin a naɗe fis da tagulla.