Taswirar Ambaliya: Wa Zai Shata Inda Ruwan Rafi Yake Kaiwa a Baure?

Kowace shekara kafin damina ta kankama, hukumomi biyu na tarayya sukan yi magana. NiMet ta faɗi yadda ruwan sama zai kasance, NIHSA kuma ta fitar da hasashen ambaliya, ta lissafo jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Abu ne mai amfani. Amma mutumin da ya sayi fili a bakin rafi a ƙasar Baure tambayarsa daban ce: idan rafin nan ya cika, zai iso katangata ko ba zai iso ba? Taswirar ambaliya ce kaɗai ke amsa wannan.

Taswirar tana shata iyakar da ruwa zai malala ya kai, da zurfinsa, idan an yi ruwa mai wani irin ƙarfi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne abin da ake kira ambaliyar shekara 100, kuma sunan nan yana yaudarar mutane. Ba wai sau ɗaya take zuwa a shekara 100 ba. Nufin shi ne kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku. Ka lissafa wa gidan da zai yi shekara 30 a wurin, yiwuwar ta kai kusan kashi 26 cikin 100. Wato fiye da ɗaya cikin huɗu kenan, kuma tana iya zuwa bana ta sake dawowa baɗi.

Abu uku ake haɗawa a zana ta: tudu da kwarin ƙasa, tarihin ruwan sama, da siffar rafin kansa, har da gadoji da kwalbatocin da ke kansa. Na farkon ne ya fi ba mu wahala. Bayanan tudun ƙasa da ake samu kyauta, irin waɗanda jirgin sama jannatin Amurka ya auna a watan Fabrairun 2000, suna ɗaukar fili mai faɗin mita 30 a matsayin ɗigo guda, kuskurensu a tsayi kuma yakan kai mitoci. A ƙasa mai duwatsu ana iya haƙuri da haka. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi irin ta masarautar Daura, rabin mita ne ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe, rafin ma wani lokaci faɗinsa bai kai ɗigon ba. Dole sai masu safiyo sun taka ƙasa, ko a tashi jirgi marar matuƙi ya auna.

To me ya sa ake cewa a sabunta? Saboda ruwan ya canza, ƙasar ma ta canza. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya. A ƙasa kuma an sare itatuwa, fuskar gona ta daskare ba ta shan ruwa kamar da, rufin kwano ya yawaita, yashi da leda sun toshe kwalbatoci. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: fari na shekarun 1970 da 1980 ya busar da rafuka da fadamu da yawa, mutane suka ga fili, suka yi gini. Wanda aka haifa a lokacin bai taɓa ganin rafin a cike ba. Ruwa kuwa, in ji Hausawa, ba ya tsami banza.

Mun ga abin da hakan ke jawowa a Jibiya a watan Yulin 2018, inda ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40, har aka tsinci wasu gawarwakin a cikin Nijar. Bayan nan ne aka yi wa garin manyan magudanai a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya. Aiki ne mai kyau, sai dai bayan an yi jana'iza ya zo.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba hukuma ɗaya ce ke riƙe da kayan aikin ba. Bayanan ruwan sama na hannun NiMet, na koguna na hannun NIHSA, madatsun ruwan jihar Katsina da dama suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Tsara gari na jiha ne. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birane, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin filayen karkara, alhali a zahiri mai unguwa da dagaci ne shaidun cinikin yawancin filaye a ƙauyuka. NEMA da SEMA kuwa sukan iso da shinkafa da tabarmi bayan an yi ɓarna. Kowa da guntun zarensa, babu mai ɗinkawa.

Baure tana da ƙarin sarƙaƙiya, domin tana iyaka da Babura ta jihar Jigawa, tana kuma iyaka da yankin Damagaram na Nijar. Ruwan da ya sauka a wancan tsallake bai san shingen kwastan ba. Akwai dai tushen da za a ɗora a kai: hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansa. Manyan kwaruruka ta fi mayar da hankali a kai, amma musayar alƙaluman ruwan sama tsakanin tashoshin kan iyaka ba ya buƙatar sabuwar yarjejeniya, niyya yake buƙata.

A ganina, ba sai an jira kwangilar biliyoyi ba. Tauraron ɗan'adam na Sentinel-1 yana amfani da rada, yana hango ruwan da ya kwanta ko da gari ya yi hadari, hotunansa kuma kyauta ne. Ɗaliban labarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya zagayawa da dattawan unguwa, a nuna musu alamar da ruwa ya bari a jikin bango ko gindin kuka, su auna, su rubuta shekarar. Da irin waɗannan alamomi ake gwada ko lissafin kwamfuta ya faɗi gaskiya. Shirin ACReSAL, wanda ya biyo bayan NEWMAP a jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa kenan tsara yadda ake kula da kwaruruka.

Amma a sani, ranar da aka liƙa taswirar a sakatariya za a yi rigima. Layin zai ratsa ta filin wani, darajarsa ta faɗi, wataƙila filin wani babba ne. A Amurka, inda hukumar FEMA ke zana irin waɗannan taswirori, an ba mai gida damar ƙalubalantar layin da hujjar awo kafin a tabbatar da shi. Mu ma muna buƙatar wannan ƙofar, tare da filin musanya ga wanda za a ce ya tashi, da kwafi da Hausa a hannun kowane dagaci kafin ya sa hannu a takardar ciniki ta gaba.