Shin Ko Kun San? Kalmomi 850 Kacal!

Shin ko kun san yaron Gashuwa, kafin ya taka ƙofar firamare, sau da yawa ya riga ya iya harsuna biyu? Badanci a gida, Hausa a kasuwa. Na Nguru kuwa ga Manganci, ga Hausa, wani har da Fulatanci. Ashe Turanci na uku ne ko na huɗu. To, tsoron na mene ne?

Ku ji wannan! A 1930, shekarar da layin dogo daga Kano ya iso Nguru, wani ɗan Ingila mai suna Charles Ogden ya fito da tsarin Turanci mai kalmomi 850 kacal. Ya ce da su kaɗai mutum zai biya buƙatunsa na yau da kullum. Ku lissafa mana. Goma a rana, ko wata uku ba za a cika ba!

Mafi daɗi, wasu suna bakinku tuni. Tikiti, tasha, direba, bokiti, asibiti, duk daga Turanci muka aro su.

Ga wani abin mamakin: kalmomi 100 da aka fi yawan amfani da su, su ne kusan rabin duk rubutun Turanci. Rabi fa! Saboda haka a bar haddar manyan kalmomin burga, a fara da ƙananan.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Haruffan Turanci 26 ne, sautukansa kuwa wajen 44. Yadda aka rubuta daban, yadda ake faɗa daban. Don haka littafi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da kunne. A saurari labarai da Hausa, sannan a kamo tashar Turanci. An riga an san labarin, kalmomin kawai za a tsinta.

Su "p" da "f" fa, da ke ba Bahaushe kunya? Ku riƙe takarda a gaban baki. A "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa, iska ta fashe, takarda ta yi tsalle. A "f" haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Ku gwada yanzu, ko da yara za su yi muku dariya.

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin mantuwa a ranar farko take aukuwa. Maganin? Maimaici: yau, gobe, sannan bayan mako. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa wasa da tilawa.

Masu harin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ku buɗe kunne. A tambayoyi 180 na jarrabawar JAMB, 60 na Turanci ne. Kashi ɗaya cikin uku cur!

Kun kuma san Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya yi jawabi da Turanci a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, ɗan ƙauye ne daga ƙasar Bauchi? A aji ya koya, kamar kowa.

Ku nemi aboki ɗaya, ku ware minti goma kullum bayan la'asar, ba Hausa, ba Badanci, sai Turanci. Ku kuma gaya wa na kusa da ku.