Farin da Ba a Gani a Sama: Auna Ƙishirwar Fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Wanda ya gangara daga tudun Wurno zuwa fadama da hantsin watan Fabrairu, da wuya ya yarda akwai fari a wannan ƙasa. Tafarnuwa ta yi shar, albasa ta fara ɗaura kai, ruwa yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. To amma ya bi kukan injin ban-ruwa ya ga inda yake. Sau da yawa ba a kan ƙasa zai same shi ba, sai a cikin ramin da mai gona ya haƙa, wani ramin har ya shanye tsayin mutum. Irin wannan inji tsotso yake yi, kuma ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Idan ruwan rijiya ya sauka, dole inji ya bi shi ƙasa. A ganina, zurfin wannan rami ya fi alƙaluma da yawa faɗin gaskiyar fari a gabashin Sakkwato.

Masana sun daɗe suna neman mudun da za su auna fari da shi. A 1965 Wayne Palmer ya fito da nasa a Amurka, yana lissafin ruwan da ya sauka da wanda ƙasa ta rasa. A 1993 Thomas McKee da abokansa na Kolorado suka kawo ma'aunin SPI, wanda ke gwada ruwan saman bana da abin da wuri ya saba samu cikin shekaru masu yawa. A 2010 masana a Sifen suka ƙara masa lissafin zafi da ruwan da iska ke kwashewa, ya zama SPEI. Ga gero da dawa na tudu waɗannan ma'aunai suna da amfani ƙwarai, domin gonar tudu daga sama take sha. Da irinsu ake gane girman farin 1973 da na 1984.

Gonar rani kuwa ba daga sama take sha ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kusan ko ɗigo ba ya sauka a nan, don haka ma'aunin ruwan sama ba shi da abin cewa a daidai lokacin da tafarnuwa ke cikin ƙasa. Ruwan da take sha ruwa ne da mutum ya tare, ya ajiye, ya raba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima da niyyar ta riƙe abin da ya haura kubik mita miliyan 900, ita ke yanke yawan ruwan da zai wuce Wurno. Fadamar Rabah tana kan Gulbin Sakkwato, ƙasa da madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Can sama kuma, a Jihar Katsina, madatsun Zobe da Jibiya suna tare rassan da ke ciyar da Rima, har ma reshen Jibiya sai ya ratsa ƙasar Maraɗi kafin ya dawo mana. Kafin ruwa ya iso fangalin manomin Wurno, ya bi ta hannaye da yawa.

Shekaru biyu sun isa misali. A farkon 2018 ruwan Goronyo ya janye har saura kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take iya ɗauka, hankalin manoma da na masu shan famfo a birnin Sakkwato ya tashi. Dalilan da aka bayar su ne ƙarancin ruwan damanar 2017 da kuma yashi da laka da suka cike cikin madatsar. Na farko daga Allah ne, na biyu kuwa aikin da ba a yi ba ne, kuma babu ma'aunin ruwan sama da zai nuna shi. A Satumbar 2010 kuma akasin haka aka gani: ruwa ya yi yawa, aka buɗe ƙofofin Goronyo, ƙauyuka da gonaki suka nutse. Ambaliya ma takan haifi fari. Manoman Wurno sun ɗanɗana wannan lokacin da ruwa ya karya madatsar Lugu da ke shayar da gonakinsu na rani: an yi damina mai yalwa, rani ya zo, magudana babu ruwa.

Wani zai ce ai yanzu akwai tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, tauraron Sentinel-2 yana iya rarrabe fili mai faɗin mita 10, ya nuna inda ya yi kore da inda ya bushe. Sai dai kore yana ruɗi. Kacalar da ta toshe magudana ita ma kore ce a hoto. Gonar da ta yi shar ba ta faɗin ko nawa aka kashe kafin ta yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da yawa sun rage ban-ruwa, wani ya noma rabin gonarsa ya bar rabi. Ruwa yana nan a rijiya, amma bai kai ga saiwa ba. Ga shuka, ƙishirwa ƙishirwa ce, ko girgije ne ya hana, ko ƙofar madatsa, ko tsadar galan. Wannan shi ne abin da masaniya Anne Van Loon da abokan aikinta suka jawo hankali a kai a 2016, cewa a zamanin nan ba a raba fari da hannun ɗan'adam.

Ashe ke nan wurin auna farin gonar rani shi ne gindin shuka. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa albasa tana bukatar ruwa milimita 350 zuwa 550 daga dashe zuwa cira. Amma jimillar ba ta wadatar ba. Saiwar albasa da ta tafarnuwa gajeru ne, ba sa bin lema zuwa ƙasa, kuma idan suka sha ƙishirwa lokacin ɗaura kai, ruwan da za a kwarara daga baya ba ya mayar da abin da ya tafi. Ga kuma bambanci tsakanin mai gona a bakin magudana da na can ƙarshe. A rana ɗaya, a tsari ɗaya, na farko ruwa ya kwanta masa har gishiri ya fara fitowa, na ƙarshe yana jiran layi kwana da kwanaki. Matsakaicin lissafi zai ce lafiya lau, alhali kowannensu yana cikin asara.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Lambobi huɗu ne, a riƙa rubuta su kowane mako: tsayin ruwa a madatsa da abin da aka sako, zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyin fadama, wanda igiya da dutse ma sun isa a auna shi, lemar ƙasa a iyakar saiwa, da yawan kwanakin da gonar ƙarshen magudana ke yi tsakanin sha da sha. Na farko yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Sauran ukun, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, irin waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa a Rima ta Tsakiya, za su iya tattarawa, masanan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa su da bayanan hukumar hasashen yanayi, NiMet.

Muhimmin abu shi ne lokacin da labarin zai isa. A watan Oktoba manomi ke yanke shawara: shinkafa ce bana mai shan ruwa, ko alkama, ko tafarnuwa; duk gonar ko rabi; a ci bashin taki ko a haƙura. Idan a wannan watan Rediyon Rima ya gaya masa da Hausa yawan ruwan da ke Goronyo da ranakun da za a sako shi, zai shuka daidai ruwansa. Idan kuwa aka yi shiru, sai a Fabrairu zai sani, yana cikin rami da shebur, bayan iri da taki da bashi duk sun riga sun shiga ƙasa.