Idan motar da muka shiga ta yi haɗari, wa zai biya kuɗin asibiti?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ya saka saƙo a rukunin WhatsApp na ajinmu: "Kano gobe ƙarfe bakwai, saura mutum biyu." Duk ɗalibin da ke Dutse ya san irin wannan saƙo. Mai motar gida ne zai shiga Kano, yana neman masu taya shi kuɗin mai, mu kuma muna neman rangwame da tsira daga zaman jiran lodi a tasha. Wani abokin karatunmu, wanda za mu sakaya sunansa, ya kama kujera ɗaya.

Ba su kai Wudil ba. Direban ya fita zai wuce wata babbar mota, sai ga wata ta taho, ya kauce, motarsu ta gangara rami. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma abokinmu ya karye a cinya. Da aka yi hoton ƙashi, likita ya ce sai an yi aiki an saka ƙarfe. Mahaifinsa manomi ne a wani ƙauye ta wajen Jahun. Ya sayar da raguna biyu da riɗin da ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, mu 'yan aji muka yi karo-karo, duk da haka aka ci bashi. Direban ya zo dubiya sau biyu da ledar lemo da ayaba, ya ba da haƙuri har da ƙwalla. Baba ya ce, "Ba komai, yaro, haka Allah ya ƙaddara." Aka yi addu'a aka tashi.

A duk makonnin nan babu wanda ya furta kalmar inshora. Mu da muke taƙama da jami'a ma ba ta zo mana a rai ba, sai da aka gama sayar da ragunan. Abin da muka gano daga baya shi muke so mu gaya muku, ƙannenmu, domin yawancinku kullum a kan acaɓa ko adaidaita sahu kuke zuwa makaranta, 'yan kwana kuma duk hutu sai sun shiga motar haya zuwa Kiyawa, Birnin Kudu, Gwaram ko Miga.

Kai ne mutum na uku

A cikin takardun da direba ke miƙa wa ɗan sanda a shinge akwai wata da ake kira inshorar mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota. Na biyu shi ne kamfanin inshora da ya karɓi kuɗinsa. Na uku kuwa shi ne wanda bai san an yi cinikin ba, amma motar ta ji masa ciwo ko ta lalata masa dukiya: mai tallan da aka buge a bakin titi, mai keken da aka take wa keke, ko kai. Ba a yi takardar don gyaran motar mai ita ba. An yi ta ne don idan direba ya yi ganganci ya cutar da wani, kamfanin ya biya a madadinsa.

Dokar da ta wajabta wannan ta girmi kakannin wasunmu, domin tun 1945 aka yi ta, zamanin Turawa. Dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta, sannan a watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta tattara tsofaffin wuri ɗaya. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ke yanka farashi. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma kamfani na iya biyan har naira miliyan 3 na ɓarnar dukiya. Adaidaita sahu naira 5,000 ne, da iyakar miliyan 2. Babur naira 3,000, da iyakar miliyan 1. Ku lura, waɗannan iyakoki na dukiya ne. Rauni da rasa rai ba a haɗa su cikin wannan lissafi ba, ana duba girman cutarwar ne.

Naira 3,000 a shekara bai kai naira goma a rana ba. Amma mutane da yawa sun ɗauki takardar a matsayin harajin wuce shinge kawai, musamman tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kanta a faɗin ƙasa. Wanda ke neman abin nuna wa ɗan sanda ba ya damuwa ko takardar ta gaske ce. Sai ya ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, a buga masa ta bogi mai hatimi da kyan gani. Ranar da aka yi haɗari sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita.

Ana iya ganewa cikin minti ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Ka danna *565*11# a kowace irin waya, ko 'yar rakani-masallaci ce, ka bi umarnin, ka saka lambar motar, zai nuna maka ko tana da inshora mai rai.

Inda gizo ke saƙa

Motar da abokinmu ya shiga ba ta bogi take da ita ba. Da muka nemi direban daga baya, ya nuna mana takardunsa, muka duba, inshorarsa lafiya ƙalau. Har mun fara murna. Sai wani ɗan ajin gaba da mu ya nuna mana wasu 'yan layuka a jikin takardar, inda aka rubuta irin amfanin da aka yarda a yi da motar. Inshorar motar gida ta shafi zirga-zirgar mai ita ce da harkokinsa. A fili take cewa ba ta shafi ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Abokinmu kuwa ya biya kuɗin kujera, ta waya ma ya tura, shaida na nan.

Tun a dokar 1945 an bambanta iri biyu na masu shiga mota. Wanda aka rage wa hanya kyauta, ba a tilasta inshora ta ɗauki nauyinsa ba. Wanda ya biya kuɗi a motar haya, dole a rufe shi. Matsalar kabu-kabu ita ce ta faɗa tsakani: a takarda motar gida ce, a kan titi motar haya ce. Kamfani zai iya cewa yarjejeniyarsa da mai motar ba ta kai nan ba, kuma yana da hujja. Haƙƙin wanda aka ji wa ciwo bai faɗi ba, yana nan a wuyan direba da mai mota. Sai dai mutumin da ke neman masu taya shi kuɗin mai, ina zai samo kuɗin aikin ƙashi?

Ba mu kaɗai wannan rami ya taɓa rufta wa ba. Kamfanonin da ake kiran motarsu ta manhajar waya, irin su Uber da Bolt, suna aiki da motocin gida, kuma sun ci karo da tambayar nan. A daren shiga shekarar 2014, a birnin San Faransisko na Amurka, wani direban Uber ya buge wata yarinya 'yar shekara shida, ta rasu. Manhajarsa a kunne take amma babu fasinja a motar, sai kamfanin ya ce ba a kan aikinsa direban yake ba a lokacin. Cece-ku-cen da ya biyo baya na cikin abin da ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2014, ta fara aiki a Yulin 2015. Dokar ta raba lokacin direba kashi-kashi. Daga sa'ar da ya karɓi kira har ya sauke fasinja, dole a sami inshorar dala miliyan 1. Lokacin da yake yawo yana jiran kira ma an tanadi wani adadi, ko da yake bai kai wancan ba.

Uber ta shigo Legas a 2014, kuma duk wanda karatu ko aiki zai kai Abuja ko Legas zai haɗu da irin waɗannan motoci. Ga abin da ya kamata ku riƙe tun yanzu: duk kariyar da kamfanin manhaja ya yi alkawari, tana bin tafiyar da aka rubuta ne a manhajar. Direba zai ce maka, "Soke tafiyar, ka ba ni a hannu in rage maka." Ka soke, ka koma fasinjan kabu-kabu, babu inda aka rubuta ka shiga motar. Haka ma a tasha. Takardar da ake miƙo wa fasinjoji su rubuta suna da lambar wani ɗan'uwa, wadda mukan cike da sunan ƙarya don gajiya ko tsokana, ita ce shaidar farko cewa kana ciki. Mai tsayawa a bakin hanya ta wajen Shuwarin ya tari mota don ragin naira ɗari biyu ba shi da ko wannan.

Idan abin ya faru

Rai ne farko. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ce 122. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, don haka a kai shi kawai, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, ko wanda ya fi kusa.

Bayan nan sai aikin da ku za ku fi manya iyawa, domin ku ne masu waya a hannu. A ɗauki hoton lambar motar, da ta ɗaya motar in biyu ne suka yi karo, domin inshorar wanda ke da laifi ce za ta biya, kuma yana iya zama ba direbanka ba ne. A karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka ga abin. A kai rahoto ga 'yan sanda. Mun san gidaje da yawa ba sa son jin wannan, gani suke kai rahoto ɗaure direba ne. Amma kamfanin inshora zai nemi rahoton 'yan sanda da na likita, kuma in babu su magana ta zama ta fatar baki. A adana kowane rasit, na kati, na hoto, na magani, har na jini. Nan ne zuwa wurin mai ɗori ke da tsada ta ɓoye. Ba muna raina masu ɗori ba, kusan kowa a cikinmu yana da ɗan'uwan da suka ɗora ya warke. Sai dai ba sa ba da rasit ko rahoto, kuma karayar da ta fasa fata ko ta taɓa gaɓa aikin likita ce, ko da za ta kai ga Asibitin Ƙashi na Dala.

Mai mota ne zai sanar da kamfaninsa, kuma da wuri, amma dangin majinyaci ma za su iya rubuta wa kamfanin da kansu. Wanda bai kai shekara 18 ba, mahaifi ko waliyyi ne zai nema masa. In kamfani ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. In ta kai ga kotu kuma babu kuɗin lauya, dokar hukumar ba da tallafin shari'a ta 2011 ta saka neman diyyar haɗari cikin ƙararrakin da take tsaya wa marasa hali. Wani abu kuma: kada a sa hannu a takardar sulhu a ranar farko ko ta biyu, jiki na rawa, kafin likita ya faɗi iyakar raunin.

Saura maganar da ta fi nauyi, wadda muka daɗe muna muhawara a kanta a ɗakin kwana. Wasu a cikinmu suka ce neman diyya ja da ƙaddara ne, inshora kuma akwai shakku a kanta. Mu dai ga yadda muke gani. Yafiya ta Baba ce, babu mai ƙwace masa, kuma ladanta na wurin Allah. Amma a fiƙihun da aka koya mana a Islamiyya, wanda ya kashe wani bisa kuskure akwai diyya, kuma ba shi kaɗai ke biya ba, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su ɗauka. Wato addini bai ɗauki karɓar diyya a matsayin rashin tawakkali ba. Ga masu shakku kan inshorar zamani kuma akwai takaful, wanda aka gina kan taimakekeniya. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna sayar da na motoci. Inda takarda ta cika, kuɗin daga asusun kamfani zai fito, ba daga aljihun direban da ya zo dubiya da lemo ba. Mutum na iya yafe wa direba har zuciya, ya kuma karɓi abin da kamfani ya riga ya karɓi kuɗi don biya. Da Baba ya san haka, wataƙila da ya yi tambaya kafin ya kai ragunan kasuwa, ko da amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

Abokinmu ya dawo makaranta da sanda, jarrabawar zango ɗaya ta wuce shi. Direban, da muka koma muka yi masa bayani, ya yarda zai riƙa kawo wani abu duk wata har a rage bashin, kuma ya kawo sau biyu. A makon jiya an sake saka saƙo a rukuninmu, "Kano Juma'a, saura mutum ɗaya." Kafin kowa ya tambayi kuɗin kujera, abokin namu ya rubuta a ƙasa: "Turo lambar motar tukuna, kuma inshorar ta gida ce ko ta haya?"