Tsohuwar Tirela Ko Sabuwa: Wacce Za Ka Saya?

'Yan'uwa fatake, duk direban da ya tara 'yan kuɗinsa yana son mallakar tirela tasa ta kansa, wannan tambaya ce ke hana shi barci.

Tsohuwar DAF ko Marsandi da aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome ta fi arha. Injinta kuma kusan kowane bakanike ya san shi, daga Maraɗi har Legas, ga kayan gyara a kasuwa. To amma fa ta sha tafiya a Turai. Kafin ka biya, je da bakanikenka ya duba hayaƙi, giyabos, shasi da birki, kai kuma ka duba takardun duwan.

Sabuwa ba ta cika lalacewa ba, ba ta kuma shan gas sosai. Sai dai na Turai na yanzu kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma ba sa jure gurɓataccen gas. In ta tsaya a daji, sai an nemo mai na'ura. Ga biyan bashi kowane wata, ko da damina kasuwa ta yi sanyi.

A tuna, shanu ba siminti ba ne. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Mota ta kwana biyu a hanya, sa ya faɗi 'yan'uwansa su tattake shi, sai yanka, a sayar da asara.

Saboda haka a sayi wadda ake iya gyarawa a hanyar da ake bi, kuma kada a ƙarar da jari wajen saye. A ware na taya da gyara.

Allah Ya kiyaye hanya.